Kawu Tafinta ya rasu, takardar filinsa tana aljihuna

Da safen nan ina cikin buɗe shago, ban ma gama jera yaduka ba, waya ta yi ƙara. Balkisa ce, 'yar Kawu Tafinta. Ta ce, "Yaya Mamman, Baba ya cika."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan dilar atamfa, wayar tana kunnena bayan ta daɗe da kashewa. Maƙwabcina na kasuwa ne ya mayar da kayan ciki, ya rufe mini shagon, ya sa mini makulli a aljihu.

Mun kai shi makwancinsa bayan an sauko daga Juma'a. Yanzu na biyo ta sibar, shagon intanet, ƙasar maƙabarta tana takalmina, don in sanar da ku 'yan Zango da ke Abijan da Kumasi da Yamai, da ku na Turai da ba kwa kira sai da salla: Kawu Hamidu, wanda muke ce wa Tafinta, ya riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma abin da ke cin raina, gara in faɗa tun yanzu. Takardar filinsa tana hannuna shekara huɗu ke nan. Ranar Talata ya roƙe ni in bayar da ita a sayar da filin a kwantar da shi asibiti. Ban bayar ba.

Ku bari in faɗi yadda aka yi, sannan kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ba kawuna ne na jini ba. Kawun kowa ne. Iyayenmu a Zango jikokin fataken goro da yadi ne, sun iya lissafi da ka, sun iya karatun allo, amma faransanci sai a hankali. Asibiti kuwa da faransanci yake magana. Kawu ya yi lakwal, wato boko, ya yi aiki a wata masana'anta a Kossodo har aka rage ma'aikata aka sallame shi. Tun daga nan ya zama ɗan rakiyar marasa lafiya, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa.

Kun san yadda asibitinmu yake. Mara lafiya ba ya kwanciya shi kaɗai, sai da mai jinya. Mai jinya ne zai karɓi takardar magani ya ruga farmasi, shi zai sayo allura da auduga har da safar hannun da likita zai sa. In ba ka san hanya ba, sai ka wuni kana zagaye mara lafiyarka yana kwance a ƙasa.

Kawu ya san hanya. Ya san wace ƙofa ake buɗewa da wuri, ya san wace ma'aikaciyar jinya ce za ka gaida da yaren Mosi ta saki fuska, ya san inda ake samun magani iri ɗaya da rabin kuɗi. A bayan motonsa, baburin nan nasa, kullum akwai buhu ɗaure: tabarma, buta, bokiti, da tsohon bargo. Da an ce wani ya faɗi, kafin 'ya'yan gidan su gama salati shi ya riga ya tayar da moto.

Lokacin da ciwon sukari ya kayar da mahaifiyata, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ban san komai ba sai taurin kai. Likita ya rubuta magani bakwai. Na duba aljihuna, na ga ba zai isa ba. Kawu ya karɓi takardar, ya ja ni muka koma ofishin likitan.

A hanya ya ce mini, "Kada ka ji kunyar likita, Mamman. Ka tambaye shi, in da uwarka ce, wanne za ka fara saya?"

Likitan ya yi dariya, ya ja layi a ƙarƙashin guda uku. Da ukun nan mahaifiyata ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.

Kwana tara muka yi a can. Kullum da hantsi sai ga shi da koko a kwano, ya zauna a bakin gadonta yana ba ta labarin wanda ya yi faɗa da wa a unguwa. Ita da ba ta cika dariya ba, sai da ta yi dariya har robar ƙarin ruwa ta motsa.

Ranar da aka sallame mu na dunƙule kuɗi na sa masa a aljihu. Ya fitar ya mayar mini a nawa, ya ce, "Ni wajen Allah na kai takardar biyana, kada ka ɓata mini layi."

Haka yake yi wa kowa. Ka ba shi kuɗi ya mayar. Ka ba shi yadi ya ce a ɗinka wa yara. Mu kuwa mutanen Zango ba ma iya cin alheri mu yi shiru, sai mun mayar da wani abu ko da goro ne. Goron ma ba ya ci, wai yana hana shi barci.

Ban san wanda ya fara ganowa ba, amma an gano: sigari ce kaɗai ba ya mayarwa.

Shi ke nan ta zama al'ada. Ya raka matarka haihuwa, kwali ɗaya. Ya yi jinyar tsohonka mako guda, kwali biyar. Har tsofaffin mata masu carbi a hannu, waɗanda in sun ga ɗansu da kara a baki sai sun yi masa kuka, su ne za su aika a sayo wa Tafinta abinsa, a naɗe a takarda don kada a gani a hanya. Malaman unguwa sun sani, suna kau da kai. Ni ma da mahaifiyata ta warke, katan guda na kai masa, ina jin kaina namijin duniya.

Shekara kusan ashirin Kawu bai sayi sigari da kuɗinsa ba. Mu muka saya masa, da hannun godiya.

In ka yi masa magana, amsarsa a shirye take. Yana tsaye a ƙarƙashin bishiyar ƙofar asibiti, hayaƙi yana fita ta hanci, zai ce, "Ku ne za ku tsufa ku cinye dukiyar 'ya'yanku a nan ciki. Mu 'yan taba ba ma wahalar da kowa. Faɗuwa ɗaya ce, a wanke a kai."

Muna dariya. Wallahi muna dariya.

Ba faɗuwa ɗaya aka yi ba. Shekara takwas aka yi.

Tari ne ya fara, irin wanda ake cewa sanyi ne. Sai ya zama in ya hau matakalar asibiti sai ya tsaya a tsakiya kamar mai neman wani abu a aljihu. Kwanciyarsa ta farko, duk Zango ta je dubiya, har masu gadi suka fara korar mu. An ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce huhu ya gaji, ya bar taba. Kawu ya fassara mana da kansa: "Ya ce in rage."

Ni na ji faransanci, na san ba haka aka ce ba. Ban gyara masa ba. Kafin in tafi ma na tura masa kwali biyu a ƙarƙashin matashi, na ƙifta masa ido. A ganina zumunci na yi.

Kwanciya ta biyu, moto ya tafi, da buhun da ke bayansa. Daga nan da ƙafa yake raka mutane, ko a ɗauke shi a baya.

Ta uku, firjin Inna Salamatu, matarsa, wanda take sayar da ƙanƙara da zoɓo da shi. A wannan karon ne ya bar taba baki ɗaya, bai sake taɓawa ba har ya koma ga Allah. Ina so a san wannan. Ya bari, sai dai ya bari a makare.

Da ya bari, muka rasa da me za mu gode masa. Wata tsohuwa da ya raka a cire mata yanar ido ta kawo masa ƙwan zabi shida a ƙwarya. Ya karɓa, ya yi ta sa mata albarka. Ashe ƙwai ma yana karɓa. Shekara ashirin ba wanda ya gwada.

Bayan ta uku na daina ƙirgawa. Damina ta zo a kwantar da shi, sanyi ya zo a kwantar da shi. Tsakanin kwanciya da kwanciya kuma ga abin shaƙa, ga ƙwayoyi, ga kuɗin hoto, ga kuɗin tasi. Kowace kwanciya sai ta fita da wani abu daga gidan. Keken ɗinki ya tafi, 'yan kunnen auren Inna sun tafi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Balkisa, babbar 'yarsa, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Saura shekara guda ta yi jarrabawa ta ajiye jaka, ta fara soya ƙosai a bakin hanya. Ba wanda ya ce ta bari. Ita ta duba gidan ta gane.

Ana cikin haka aka tashe mu daga Zango. Ku da kuke waje kun ji labari, mu mun ga katafila da idonmu. Aka watse, wasu nan wasu can. Kawu ya kama hayar ɗaki biyu a Cissin. Da rabonsa na diyyar gidan gadonsu da aka rushe ya sayi ɗan fili a bakin gari, fili kawai, ko bulo ɗaya bai samu ya aza ba. Amma in ka ji yana maganarsa sai ka ce bene ne. A nan ɗakin Inna, a nan na Balkisa da ƙannenta biyu, a nan za a dasa lemo.

Har yanzu muna haɗuwa ranar Juma'a wajen mai shayi kusa da inda unguwar take a da, mu zauna mu nuna wa juna inda ƙofar gidan wane take. A nan ne wata rana, shekara huɗu da suka wuce, ya ja ni gefe ya fito da baƙar leda daga cikin rigarsa.

Ya ce, "Takardar filin ce. Ka riƙe mini."

Na ce, "Kawu, ɓarayi ne suka dame ku?"

Ya ce, "Ni nake tsoro." Ya tsaya ya huta, don a lokacin ba ya iya haɗa magana mai tsawo. "Mamman, na ga maza sun sayar da gida saboda wata biyu a gado. Ni na raka su wajen mai saye, ni na yi tafinta. Sun mutu, matansu suna haya. Na san abin da mutum yake faɗa in numfashi ya ƙi. Filin nan na Salamatu ne da yara. Ko ni da bakina na roƙe ka, kada ka bayar."

Na ce me ya sa bai kai wa liman ba.

Ya ce, "Liman tausayi gare shi. Kai kuwa tun kana yaro in ka ce a'a, uwarka ma haƙura take yi."

Na yi dariya. Na ji daɗi ma, kamar an ba ni sarauta. Ya sa na rantse, na rantse, muka koma muka ƙarasa shayinmu.

To, ranar Talata da ta wuce, da hantsi, ina auna wa wata mata yadi sai na ga Inna Salamatu a ƙofar shago. Tun da nake ban taɓa ganinta a kasuwa ba. Na ba ta kujera ta ƙi zama.

Ta ce, "Mamman, ɗana, kawunka kwana huɗu bai kwanta ba. A zaune yake kwana. Likitan kilinik ya ce a kawo shi a sa masa iska, amma sai an ajiye kuɗi, kuma ba kwana biyu zai yi ba. Na samu mai sayen filin. Yau ma zai biya."

Na ce, "Inna, kin san abin da ya ce mini."

Ta ce, "Na sani. Lokacin yana numfashi ne."

Na rufe shago, na biya gida na ɗauko ledar, muka wuce kilinik tare. Na bar ta a benci na shiga wajen likitan ni kaɗai. Mutumin kirki ne, ya san Kawu tun shi likitan yana ɗalibi. Na yi masa tambayar da Kawu ya koya mini. Na ce in da mahaifinka ne, kuma fili ɗaya ya rage wa iyalinsa, za ka sayar?

Ya cire tabarau. Ya ce iskar za ta sauƙaƙa masa, zai samu ya kwanta ya yi barci, wataƙila ya ƙara makonni, wataƙila watanni. Amma huhun ba zai dawo ba. Ya ce sauran maganar ba ta likita ba ce.

Na fito. Inna ta ce me ya ce. Na ce, "Ya ce da sauƙi." Sai da maganar ta fita na ji muryar wa na ara.

Mun isa gidan bayan la'asar. Kawu yana zaune a tabarma a inuwar bango, an jera masa matasai uku a baya, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu. Leɓɓansa sun yi duhu. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka kamar mai jan guga. Balkisa tana yi masa fifita da murfin kwali.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗaga ido, ya gane ni, har ya yi ƙoƙarin tsokana. Ya ce, "Mai taurin kai."

Na ce, "Kawu, ya jiki?"

Bai ce da sauƙi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana ce wa mutane da sauƙi. Ya kama hannun rigata, maganar tana fita ɗaya ɗaya.

"Ka zo da ita?"

Na ce tana nan.

"Ka ba Salamatu. A sayar. Mamman, ina so in kwanta. Sau ɗaya. In kwanta kawai."

Na ce, "Kawu, kai ka ce ko ka roƙe ni."

Ya ce, "Na sani. Ban san haka yake ba."

Jama'a, ledar tana aljihun gabana, hannuna yana kanta. Na dubi Inna, na dubi Balkisa da tabon mai a hannunta, na dubi ƙananan biyu da suka leƙo daga ɗaki. Na rasa wane Kawun zan bi, na wajen mai shayi ko wannan da ke riƙe da rigata. Dukansu shi ne, kuma dukansu da gaske suke.

Sai na yi abin da matsorata suke yi, na nemi hanya ta uku. Na ce, "Ka ba ni zuwa Juma'a. Zan haɗa kuɗin ajiya ba tare da an taɓa filin ba. In ban haɗa ba, wallahi da hannuna zan miƙa wa Inna."

Ya saki rigar. Ya ce, "Juma'a da nisa."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Laraba da Alhamis ban buɗe shago ba. Na hau moto na bi 'yan Zango gida gida, duk inda aka watsa mu. Ban yi wa kowa ladabi ba. Duk wanda ya fara mini zancen kasuwa ba ciniki, sai in ce masa kwali nawa ka taɓa kai wa Tafinta? Kawo kuɗin kwalin. Wasu sun ji haushi, wasu sun sunkuyar da kai. Wani alhaji da Kawu ya yi jinyar mahaifinsa wata biyu ya ce mini "sa va ale," za a dace, ya ba ni abin da bai kai kuɗin man da na ƙona zuwa gidansa ba. Wata bazawara mai sayar da fura kuwa ta kwance bakin zanenta ta juye mini duk abin da ke ciki, ta ce in ce masa ita ce wadda ya ɗauka a moto da naƙuda ana ruwa.

Ban samu na faɗa masa ba.

Zuwa yammacin Alhamis saura kaɗan kuɗin ajiyar ya cika. Wani abokina mai sayar da kayan moto ya ce zai kawo mini cikon kuɗin a shago da safe. Shi ya sa na fito da wuri yau. Na riga na yi magana da mai tasi, ƙarfe tara zai same ni mu wuce Cissin.

A kwana biyun nan ban leƙa gidan ba. Na ce wa kaina ina sauri ne. Gaskiyar ita ce ba zan iya sake zama a gabansa da ledar nan a aljihu ba.

Balkisa ta ce bayan asuba ne. Yana zaune yadda na bar shi, kansa a kafaɗar Inna. Ya yi kalmar shahada, Alhamdu lillahi, da kansa ya yi.

Da muka je yi masa wanka, ni na riƙe buta. Sai a lokacin na gan shi a kwance, a miƙe, bayansa a ƙasa. Na kasa ci gaba, wani ya karɓi butar.

Mutane sun zo jana'iza har layi ya fita titi. Hausawa, Mosawa, Fulani, har ma'aikatan jinya biyu da farar riga. Tun da aka tashe mu ban ga Zango ta haɗu wuri ɗaya haka ba. Kowa yana ba na kusa da shi labarin ranar da Tafinta ya raka shi. Ina tsaye a cikinsu ina tunanin kwali nawa ne a sahun nan.

Ba ina cewa mu muka kunna masa ba. Babba ne, shi ya zaɓa, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma mun sauƙaƙa masa hanya, mun kira abin godiya. Wanda duk yake da irin Kawu a unguwarsu, ya kai masa ƙwai.

Da muka dawo daga maƙabarta na tsayar da Balkisa a zaure. Na tambaye ta ko ya ambace ni. So nake ta ce ya yi fushi, ko ta ce ya yafe, kowanne ne in sani.

Ta ce, "Jiya ya tambaya ko ka zo. Sau biyu."

Na shiga ciki. Inna tana zaune a tabarma cikin mata, an lulluɓe ta. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ta amsa kamar yadda ta amsa wa kowa. Na fito da ledar, na haɗa da kuɗin da na tara, na tura gabanta. Na ce, "Inna, ga amanar Kawu. Filin yana nan, ba a taɓa ba. Naki ne da yara."

Ta dubi ledar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini. Ta ɗauki kuɗin ta miƙa wa wata dattijuwa ta ce a yi sadaka da shi. Ledar kuwa ta turo mini ita da bayan hannu.

Ta ce, "Ranar Talata nake so, Mamman."

Ga ni nan da ita. Zan jira a yi bakwai in kai wa liman ya miƙa mata, wataƙila daga hannunsa ta karɓa. Yaran za su samu inda za su aza bulo wata rana, ba mai korar su saboda haya. Shi kuma ya yi kwana uku a zaune yana jira na. Na jera biyun nan a raina tun safe, ban san wanne ya fi nauyi ba, kuma ba na jin zan sani.

Ya Allah, bawanka Hamidu ya zo gare ka da gajiya. Ka shimfiɗa masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutun da ya roƙa a nan bai samu ba. Ka karɓi kowane taku da ya yi a bayan marasa lafiya, ka yafe masa abin da ya yi wa jikinsa, ka yafe mana abin da muka taya shi. Ka sanyaya zuciyar Inna Salamatu, ka tsaya wa Balkisa da ƙannenta.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ka wuce. Ku da ya taɓa raka naku, ku faɗi sunansa a sujada.

In kun gama nasa, ku sa ni a ciki. Ku roƙa mini Allah, in amana na riƙe ya karɓa, in kuwa zalunci na yi ya yafe mini, ya sa Kawu ma ya yafe.